Kwana Casa'in: Ina Manomin Ikara A Jihar Alfawa?

Tun da tashar Arewa24 ta fara nuna shirin Kwana Casa'in a 2019, masu kallo suka ce an zo wurin. Gaskiya ne, an yi ƙoƙari. An ƙirƙiro Jihar Alfawa, an nuna mana yadda ake ƙulle-ƙullen zaɓe, yadda ake sayen bakin ɗan jarida, da yadda asibitin talaka ke lalacewa. Sani Mu'azu kuwa ya hau kujerar Gwamna Bawa Maikada kamar don shi aka sassaƙa ta.

To amma ni inda nake da ja shi ne, siyasar shirin ta fi zama a falon manya. Rigimar duk ta mutum da mutum ce: wannan azzalumi, wancan mai gaskiya. Sai mai kallo ya tashi da tunanin cewa da zarar an samu mutumin kirki a gidan gwamnati, shi ke nan, kakarmu ta yanke saƙa. Anya kuwa?

Mu ɗauki cire tallafin man fetur da Shugaba Tinubu ya sanar ran 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Masu goyon baya suka ce tallafin 'yan fasa-ƙwauri yake azurtawa, kuma ga kason jihohi ya ƙaru. Masu suka suka ce talaka ne ya biya kuɗin gyaran. Kowane ɓangare da hujjarsa, kuma irin wannan taƙaddamar ce ke haifar da labari mai daɗi.

Mai son ganin inda muhawarar ta sauka, ya leƙa fadamun Ikara da Kudan lokacin noman rani. Injin ban-ruwa fetur yake sha. Manomi ya ci bashi ya sayi mai da taki, tumatir ya nuna gaba ɗaya, kwando ya faɗi warwas, dillali ya yi masa tayin wulaƙanci. Ga kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa tun 1981, ya shafe shekaru masu yawa a rufe. Haka mai rake a Maƙarfi ke lissafin kuɗin mota kafin ya sare gonarsa. Don Allah, wace soyayya ce ta fi wannan taɓa zuciya? Auren 'ya mace ma kan fasu a kan farashin kwando.

Ba sabon abu nake nema ba. Sulaiman Ibrahim Katsina ya yi shi a Turmin Danya tun 1982, inda ya bi sawun dukiyar fasa-ƙwauri har ya nuna waɗanda take ciyarwa da waɗanda take kashewa. Marubutanmu na fim sun gaji wannan hanya, sai dai sun bar ta ta yi ciyawa.

Shawarata ga masu shirya irin wannan shiri: ku ɗauki kwandon tumatir guda, ku bi shi daga gona zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, ku nuna hannun da duk ya yagi rabonsa a hanya. Wallahi za ku samu miyagu da jarumai fiye da na gidan gwamnati. Manomin da ke biyan kuɗin cajin waya don ya kalle ku, shi ma yana son ya ga kansa a ciki.