Martanin 'Yan Kallo Hausawa ga Fim ɗin Mother India: Nazarin Kwaikwayon Taurarinsa

1.0 Gabatarwa

Masu nazari da dama sun ɗauka cewa waƙa da rawa ne kaɗai suka ja hankalin Bahaushe ga finafinan Indiya. Wannan maƙala tana ganin akwai gyara a wannan ra'ayi. Za a kafa hujja da fim ɗin Mother India wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957, domin a nuna cewa kwaikwayon taurari shi ne ginshiƙin karɓuwarsa.

2.0 Fim ɗin da 'Yan Kallonsa

Labarin ya ginu ne a kan Radha, wadda surukarta ta ci bashin rufi 500 daga Sukhilala domin hidimar aure. Bashin ya yi ta haihuwa har mai kuɗin ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona. Dutse ya murƙushe hannayen mijinta, kunya ta sa ya shiga duniya, ya bar ta da 'ya'ya da talauci.

Kwarori ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Arewa tun shekarun 1950. Brian Larkin (1997) ya bayyana cewa a Kano, kimanin shekara 40 bayan fitowar fim ɗin, 'yan kallo na bin waƙoƙinsa, suna fassara zantukan da Hausa, har suna riga taurarin furta su. Abin lura shi ne mafi yawansu maza ne, kuma ba su jin Indiyanci. Ashe ke nan fuska da motsin jiki ne suka ɗauki nauyin isar da saƙo.

3.0 Kwaikwayon Taurari

Nargis ba ta kai shekara 30 ba lokacin da ta fito a matsayin Radha, amma ta ɗauki matar tun tana amarya har tsufa. Gwanintarta ta fi fitowa a fage biyu. Na farko, bayan ambaliya, inda yunwar 'ya'yanta ta kai ta gidan Sukhilala, ya nemi ta sayar da mutuncinta, ta yi tangaɗi tsakanin buƙata da kunya, sannan ta ƙi. Na biyu, inda ta harbe ɗanta Birju saboda ya sace 'yar Sukhilala ranar aurenta. Ɗan kallo Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan, domin haƙuri da kunya da tsare mutunci su ne ma'aunin uwa tagari a al'adarsa.

Kanhaiyalal kuwa, wanda ya fito a Sukhilala, ya gina muguntarsa a kan murmushi da lallami. Wannan ya dace da kamannin mai ba da bashi da ruwa wanda manomi ya sani, wato mai zuwa da fara'a da damina, ya dawo da buhu da kaka.

Sai dai akwai rauni. Sunil Dutt ya cika zaƙewa a matsayin Birju, har fushinsa ya kan koma hargowa. Duk da haka, wannan zaƙewa ita ta ƙara fito da natsuwar Nargis, kuma ita ta sa hukuncin ƙarshe ya zama mai ɗaci, domin Birju yana da gaskiya a kan zalunci, amma ya ƙetare iyaka wajen ramuwa.

4.0 Kammalawa

Laƙabobin da Hausawa suka raɗa wa taurarin Indiya, kamar Sarkin Ƙarfi ga Dharmendra, da Ɗan Daba Mai Lasin ga Sanjay Dutt, ɗan Nargis da Sunil Dutt, shaida ce cewa 'yan kallo suna tantance kwaikwayo da nasu ma'auni. Ya kamata manazarta su ɗauki wannan martani a matsayin tarke na baka, su taskace shi daga bakin dattawan da suka yi zamanin silima tun kafin ƙasa ta rufe idonsu.