Zamanin Rumfa A Cikin Tarihin Kano

Duk ɗan makarantar da ya kai ajin manya ya ji labarin zamanin da ilmi ya farfaɗo a ƙasar Turai. An gaya muku yadda mutanen Italiya suka tono littattafan Yunanawa da Rumawa na da, da yadda wani Bajamushe mai suna Gutenberg ya buga littafi da na'ura wajen shekara ta 1455, da yadda Kolumbus ya ƙetare teku a 1492. To, da za a tsaya a makarantar Doguwa ko ta Tudun Wada a ce, "Wa ke sarautar Kano a shekarar da Kolumbus ya tashi?" kaɗan ne za su ɗaga hannu. Amsar kuwa tana cikin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya juya shi da Turanci a 1908, aka kuma buga Hausarsa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Shi za mu ɗora bisa ma'auni yau.

Mu fara da yabo, gama yabon gwani ya zama dole. Marubucin nan ya san cewa littafi baƙo ne mai daraja, ya kan rubuta zuwansa kamar yadda ya ke rubuta zuwan sarki. A zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, ya ce Filani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, alhali kafin nan malamanmu ba su da kome bayan Alƙur'ani sai fiƙihu da hadisi. A zamanin Kisoki ya faɗi wanda ya kawo Asshifa, da wanda ya kawo Mudawwana. Ku lura da wannan. Mutumin da ya tsaya ya ƙidaya littattafan da suka shigo gari, ya gane cewa arzikin ƙasa ba dawaki da sulke kaɗai ba ne.

Tsakanin sarakunan nan biyu Muhammadu Rumfa ya yi sarauta, daga 1463 zuwa 1499. Littafin ya ce abu goma sha biyu ya fara a Kano. Cikinsu akwai gina Gidan Rumfa, da ƙara faɗin ganuwa, da kafa Kasuwar Kurmi, da majalisar Tara ta Kano, da kakaki da figini, da ba babanni sarauta. A kwanakinsa ne kuma Shaihu Maghili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Watau ga gini, ga ciniki, ga tsarin mulki, ga ilmi, duk sun tashi tare. In ba farfaɗowa za a kira wannan ba, me za a kira shi?

Hanyar baƙin ma ta isa abin tunani. Turawan Fotugal sun bi gaɓar teku suna neman zinariyar ƙasashen baƙar fata, har suka gina ganuwarsu a Elmina a 1482, Rumfa yana da kusan shekara ashirin a gadon sarauta. Mu kuwa tekunmu rairayi ne, jirginmu raƙumi. Littafin ya nuna yadda aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, da yadda gishirin Azbin ya yawaita. Fatakenmu su ma masu yawon duniya ne, sai dai ba su bar taswira ba.

To, yanzu sai aibu, don kome kyaun tafarnuwa ba ta yi kamar albasa ba. Na farko, marubucin ya faɗi sunan sarkin da ya sa a yi gini, bai faɗi sunan maginin ba. A birnin Fulorens kowa ya san Burunelleski ne ya ɗora ƙubbar babban ɗakin ibadarsu, aka gama a 1436, kuma a 1550 wani mai suna Basari ya buga littafi sukutum a kan rayuwar masu zane da magina. Wa ya kwaɓa ƙasar Gidan Rumfa? Wa ya ɗaura bakan gizon soronsa? Littafin ya yi shiru. Jarumawan sarki ya jera sunayensu, har da kirarin waɗansu, amma mai hannun da ya yi aikin da ya wanzu ya tafi ba suna.

Na biyu, ba ya faɗin shekara, sai tsawon mulki. Shekarun da na kawo muku a sama lissafi ne da aka yi daga baya, aka riƙa ƙidayawa da baya-baya. Kada ku haddace su kamar aya. Haka kuma sunan Maghili ya rikice a hannunsa, ya kira shi Abdurrahman, alhali sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarim. Wannan ya nuna mana labarin ya daɗe yana yawo a baki kafin ya sauka a takarda.

Na uku shi ya fi nauyi, musamman gare mu mutanen kudancin Kano. A zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, littafin ya ce Galadima Dauda ya shekara bakwai yana yaƙi a kudu, yana aiko da bayi dubu-dubu, har ya kafa gari ashirin da ɗaya, kowane da bayi dubu. Marubucin ya faɗi wannan kamar mai ƙidayar damman dawa. Bai tsaya ya tambayi uwar da aka raba da ɗanta ba. A daidai wannan zamani, cikin 1444, jiragen Fotugal suka sauke bayin Afirka a ƙasarsu aka raba su a fili. Ku gani fa, can da nan duk akwai gumin bawa a ƙarƙashin ginin da a ke yabo. Malamin da ya koya muku ƙubbar Fulorens da Gidan Rumfa ya ɓoye muku wannan, rabin darasi ya ba ku.

Akwai kuma bambancin da ya kamata ku riƙe. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka, ya rubuta labarin Kano, aka buga a Benis a 1550, ya bazu cikin Turai. Namu tarihin kuwa ya zauna a gafaka, sai wanda ya sami mai kwafe masa da hannu. Ba basira suka fi mu ba. Na'urar buga littafi ce ta sa abin da mutum ɗaya ya sani mutum dubu suka sani.

Hukuncina shi ne, littafin nan taska ce, ya wajaba kowane ɗalibi ya karanta shi, amma da ido biyu. Idon marubucin yana kan fada, abin da ke bayan ganuwa sai ya hango shi daga nesa. Cike wannan giɓi aikinku ne. Akwai tsofaffi a Riruwai da suka gaji labarin masu narka kuza, akwai na Bebeji da suka gaji labarin ayarin da ke bi ta garinsu zuwa Zariya. Ku tafi da alƙalami ku zauna gabansu da ladabi, ku rubuta sunan maƙeri da na marini da na madugu, ku sa shekara. Allah ya sa mu dace, amin.