2.3 Hannun Ingila a Yaƙin Basasar Nijeriya: Sharhi a Kan Littafin Frederick Forsyth

Daga cikin ayyukan da suka gabaci wannan nazari akwai littafin The Biafra Story, wanda wani Baturen Ingila mai suna Frederick Forsyth (1938-2025) ya rubuta, kamfanin Penguin ya buga a 1969. Dalilin kawo shi a nan shi ne, duk mai son nazarin yadda ake tuna yaƙin basasa a Furfuri da sauran garuruwan Bunguɗu da Gusau da Tsafe, ya kamata ya fara sanin irin hoton mutanen Arewa da aka kai wa duniya, da kuma wanda ya zana shi.

Marubucin ɗan jarida ne. Gidan rediyon BBC ya aike shi yankin Biyafara a 1967, shekarar da yaƙi ya ɓarke. Daga baya ya ajiye aikin, ya koma can a 1968 bisa raɗin kansa, ya kuma shaƙu da Odumegwu Ojukwu, har ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1982. Tun a gabatarwar littafin bai ɓoye cewa ya ɗauki ɓangare ba.

Babban jigon littafin shi ne zargi. Idan aka lura da kyau, za a ga cewa ba Yakubu Gowon ne marubucin ya fi nuna wa yatsa ba, gwamnatin ƙasarsa ce ta Harold Wilson, wadda ta riƙa sayar wa gwamnatin tarayya makamai da harsasai da motocin sulke, alhali yunwa tana kashe yara a yankin da aka killace. Wannan zargi yana da tushe. Ingila ce ta haɗe Kudu da Arewa a 1914. A can aka horar da Gowon, a makarantar soja ta Sandhurst, shi kuwa Ojukwu a Jami'ar Oxford ya yi karatu. Haka kuma kamfanin Shell-BP ne ya fi kowa hannu a man fetur ɗin da ake haƙowa a yankin da ake yaƙi. Su kansu mutanen Ingila sun rabu biyu: Wilson ya ziyarci Legas a watan Maris na 1969, a watan Nuwamba kuma mawaƙin nan John Lennon ya mayar wa Sarauniya lambar girman da aka ba shi, domin nuna rashin amincewa da manufar gwamnati.

Wani abin yabo shi ne yadda littafin ya tsaya a kan kashe-kashen 1966. Gusau tana cikin garuruwan da rikicin watan Mayu na wannan shekara ya shafa, bayan Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34 wadda ta rushe jihohi. Layin dogo da ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, tare da kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga, su ne suka jawo mutanen Kudu zuwa wannan yanki. An kashe baƙin da ba su ji ba su gani ba, saura suka tsere suka bar dukiyarsu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma bai kamata manazarci ɗan ƙasa ya kauce mata ba don kawai baƙo ne ya faɗe ta.

To, sai dai littafin yana da rauni ta fuskoki uku. Na farko, ya sassauta wa juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikinsa, bai auna zafin da wannan rashi ya jawo a zukatan talakawan Arewa ba. Bayyana wannan zafi ba halatta ramuwar gayya ba ne, cika labari ne. Na biyu, ya ɗauki Arewa tamkar dunƙulallen abu guda: sarakuna a sama, jama'a a ƙasa suna bin umarni. Tsakanin 1967 da 1970 rundunar sojan tarayya ta ƙaru daga kimanin mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000, da yawansu samarin karkara ne da suka ajiye fartanya. Mai karatu ba zai ji muryar irin waɗannan samari ba, balle ta iyayen da suka yi ta jiran dawowarsu. Na uku, an buga littafin tun kafin a gama yaƙi a ranar 15 ga Janairu, 1970, don haka makami ne na neman goyon baya, ba tarihin da aka rubuta bayan ƙura ta lafa ba. Ƙari a kan haka, a 2015 marubucin da kansa ya bayyana cewa ya yi wa hukumar leƙen asirin Ingila aiki tun daga lokacin yaƙin. Ke nan ko mai zargin gwamnatin bai rabu da ita kwata-kwata ba.

Daga bayanan da suka gabata za a iya cewa littafin Forsyth shari'a ce tsakanin Bature da gwamnatinsa, wadda aka yi a kan gawawwakin 'yan Nijeriya. Yana da amfani wajen gane hannun Ingila a yaƙin, da kuma wahalar da mutanen Gabas suka sha. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da mutumin Furfuri ya gani, da abin da ya rasa, da abin da ya yi nadama a kai, ba a cikin wannan littafi suke ba. Wannan giɓi ne babi na gaba zai yi ƙoƙarin cikewa, ta hanyar nazarin waƙoƙin baka da labaran da ake bayarwa game da yaƙin a wannan yanki.