Na'urar jan tsirkiya da jitar katako

Duk wanda ya taso yana jin kaset ɗin Don Williams ya san wani amo da ke ratsa kiɗan kantiri na Amurka, siriri, mai hawa da sauka ba tare da ya yanke ba. Wata irin jita ce ta kwance ke fitar da shi, wadda makaɗi ke zama a gabanta yana goga sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyi, ƙafafunsa kuma suna taka feda. A 1953, wajen ɗaukar waƙar Slowly ta Webb Pierce, Bud Isaacs ya taka fedar alhali amon bai mutu ba, wasu tsirkiyoyi suka hau, wata ta tsaya cak. Tun daga lokacin masu jitar rataye suke kwaɗayin wannan kuka.

Clarence White da Gene Parsons, waɗanda suka yi kiɗa tare a ƙungiyar The Byrds, su suka samo mafita a ƙarshen shekarun 1960. Parsons mai ganga ne, amma ya iya aikin ƙarfe. Ya haɗa maratayin jitar White, ƙirar Telecaster, da wasu ƙarafa da sifirin a bayanta. Idan White ya danna wuyan jitar ƙasa, maratayi ya ja ƙarfe, ƙarfe ya ja tsirkiya ta biyu da ake kira B, sai ta hau tazarar gaɓa biyu. Ya saki, sifirin ya mayar da ita mazauninta. Yatsu suna can suna aikinsu, kafaɗa ce ke sauya amo, kamar yadda mai kalangu ke matse ganga a hammata. White bai daɗe da jitar ba, don wani direba da ya bugu ya kaɗe shi ya mutu a Kalifoniya a 1973. Jitar ta koma hannun mawaƙi Marty Stuart a 1980.

Wannan duk a jitar lantarki ne, kuma a can dabarar ta zauna daram. Jikin Telecaster dunƙulen itace ne, a fafe shi a cusa ƙarfe, amonsa ba zai damu sosai ba. Jitar katako mai rami kuwa fuskarta ita ce muryarta. Allo ne da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, yana ɗauke da jan tsirkiyoyi na kimanin kilo 70, kuma rawar da yake yi ita kunne ke ji. Duk nauyin da aka ɗora kusa da jaki, inda tsirkiyoyi ke zama, daga muryar ake cire shi. Shi ya sa mai aikin kirki ke neman dogara ƙarfensa a kan ƙwaƙƙwaran itacen ciki, ya bar fuskar ta sarara. Parsons da kansa ya ƙera irin na jitar katako, saboda haka ba abu ne da ya gagara ba.

Hujjar masu son na'urar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Tsirkiyoyin jitar katako masu kauri ne, tura su da yatsa har gaɓa biyu aiki ne mai cin fata, balle a yi shi sauran yatsu na riƙe da nasu wurin. Sai dai akwai abin da ƙarfe ba ya gyarawa. Kukan jitar kwance dogon numfashi gare shi, lantarki ne ke riƙe amon har ya gama hawa ya sauko. A jitar katako, da an taɓa tsirkiya amo ya fara dusashewa. Mai son jan amo a hankali irin na Isaacs, kafin ya kai ƙololuwa sautin ya tsere masa.

Akwai wata hanya da ta fito daga masu banjo. Earl Scruggs ya riƙa murɗa tsirkiya ana tsakiyar kiɗa a Earl's Breakdown a 1951, sannan Bill Keith ya fito da abin murɗawa mai iyaka biyu a 1964, wanda ke tsayawa daidai kan amon da aka saita. Adrian Legg na Ingila ya ɗaura irinsu a jitarsa, ya gina salo na kansa a kai. Aibinsu shi ne sai hannu ya bar wuyan jita ya kai kansu, amma idan an gaji da su a kwance su ne kawai.

A ganina na'urar kafaɗa tana da gurbi a jitar katako, amma gurbin gajerun juyi ne masu sauri, waɗanda ke ƙarewa tun amo yana da rai. Wanda ya saka ta don ya kwaikwayi jitar kwance zai yi asarar kuɗi da itace. Kai kuma da ke da tsohuwar jita mai daɗin murya, fara gwada dabarar a kan wata mai araha kafin ka bari a huda ta.