Awon Allura ga Mai Ciwon Hanta

A ce an kawo dattijo daga Gwaram zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, idanu sun yi ruwan ɗorawa, ciki ya tara ruwa, ga zazzaɓi mai zafi. Ƙwayoyin cuta sun shiga ruwan cikin nan, dole a ba shi magani ta jijiya. Masu jinya abin da suke gani shi ne nas ta rataye ledar ƙarin ruwa. Lissafin da ya gabaci wannan kuwa, shi ya fi burge ni a aikin likita da mai harhaɗa magunguna.

Wajen awon magani, ƙoda tana da sauƙin karantawa: a auna sinadarin kiratinin a jini, a yi lissafi, a san abin da za a rage. Hanta ba ta da irin wannan lamba guda. Shi ya sa ake dogaro da ma'aunin da Child da Turcotte suka fitar a Amurka a 1964, Pugh da abokan aikinsa suka gyara a Landan a 1973. Abu biyar ake haɗawa: sinadarin da ke kawo shawara, furotin ɗin da hanta ke ƙerawa, saurin daskarewar jini, yawan ruwan ciki, da lafiyar hankali. Maki 10 zuwa 15 shi ne mataki na uku, mafi tsanani.

Makin lafiyar hankali ba a ɗakin gwaji ake samun sa ba. Likita zai durƙusa ya ce, "Baba, yau wace rana ce? Miƙo min hannuwanka." In tafukan suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu, guba ta fara taɓa ƙwaƙwalwa. Sai ya juya ga ɗan dattijon: "Wane jiƙo aka ba shi a gida? Yana kwana da rana, ya farka da dare?"

Daga nan kowane magani da hukuncinsa, kuma ba duka ake ragewa ba. Flagyl hanta ce ke sarrafa shi, don haka a mataki na uku akan raba shi biyu. In ya taru, ruɗewar ƙaruwa take yi. Seftiriyazon yana da ƙofar fita biyu, fitsari da ruwan matsarmama, saboda haka akan bar shi yadda yake, sai in ƙoda ma ta gaza, a kiyaye kada ya wuce giram 2 a rana. Jentamaisin ko kusa da hanta ba ya bi, amma gwani yana gudun sa, domin ƙodar mai ƙandararriyar hanta ba ta jure masa. Kiratinin ɗin ma yana yaudara a nan, tunda jikin da ya rame ba ya samar da shi da yawa, sai ƙoda mai rauni ta fito a takarda lafiya lau.

Tsoro yakan sa a so ƙwange allurar farko, alhali lita-litar ruwan da ke cikin za ta tsarma maganin. Wanda ya san aikinsa yakan ba da ta farko cikakkiya, ya yi ragin a waɗanda ke biye. Washegari kuma ya dawo ya tambayi nas yawan fitsarin da aka auna cikin dare, ya sake lissafi tun daga farko.