Daji, Kurmi da Gona: Sharhi a kan Kalmomin Binciken Muhalli a Ƙasar Bakori

1.0 Gabatarwa

Tun daga farin 1972 zuwa 1974, wanda ya halaka dabbobi ya kuma tashi ƙauyuka masu yawa a ƙasar Hausa, rubuce-rubucen masana muhalli game da wannan yanki suka yawaita. Akasarinsu da Ingilishi ko Faransanci aka yi su, sa'an nan aka juyo sakamakonsu zuwa Hausa ta kafar rediyo da bakin malaman gona. Lafuzza uku ne suka fi yawo a wannan fassara, watau "sare dazuzzuka" da "kwararowar hamada" da "ci gaba mai ɗorewa". Manufar wannan maƙala ita ce ta auna waɗannan lafuzza da abin da ke ƙasa a Bakori da maƙwabtanta na Funtuwa da Malumfashi. Ra'ayin da za ta kare shi ne, ma'aunin da binciken ya ɗauka, da kuma kalmar da aka fassara shi da ita, sun ɓoye itacen da ya fi muhimmanci ga Bahaushe, watau itacen gona.

2.0 Ma'anar "Daji"

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce ke fitar da ƙididdigar da ake yawan kafa hujja da ita. A ma'auninta, ba a kiran wuri daji sai faɗinsa ya wuce rabin hekta, tsawon itatuwansa ya wuce mita 5, inuwarsu kuma ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari na filin. Bugu da ƙari, ma'aunin ya fitar da duk filin da aka fi amfani da shi wajen noma. Bisa wannan ne rahotonta na 2010 ya ce Nijeriya na asarar hekta 410,000 kowace shekara, ya kuma sa ta ta huɗu a duniya. A rahoton 2020 kuwa, ba ta ma cikin goman farko. Wannan kaɗai ya isa ya sa manazarci ya riƙa ɗaukar irin waɗannan alƙaluma da hattara.

Amma babbar matsalar tana ga sharaɗin ƙarshe. Manomin Bakori da ke da ɗorawa shida da kaɗanya huɗu da tsamiya a gonarsa ba shi da ko itace ɗaya a wannan lissafi. In ya ƙara goma, lissafin bai motsa ba. In ya sare su duka ya yi gawayi, lissafin bai motsa ba. Ashe kuwa ma'aunin da ba ya ganin riba ko asara a inda jama'a suka fi yawa, bai isa ya yi hukunci a kan halin da ƙasarsu take ciki ba.

Hausa ba ta tara filaye a kalma ɗaya. Tana da daji ko jeji ko dawa, inda ba a noma, da kurmi, inda itatuwa suka yi duhu, galibi a bakin rafi, da saura, gonar da aka bari ta huta, da fadama, da karkara, gonakin da ke kewaye da gari waɗanda ake nomawa kowace shekara, da burtali, hanyar shanu. Kowanne yana da irin itatuwansa da ƙa'idar mallakarsu. Da mai fassara ya zaɓi "daji" ita kaɗai, sai ya zubar da sauran, ya kuma ɗauko kalmar da ba ta da farin jini. A tunanin Bahaushe, daji mazaunin iskoki ne da namun dawa da 'yan fashi, kuma wanda ya sari daji ya kafa gari abin yabo ne, har zuriyarsa kan yi tinƙaho da shi. A shekarun baya-bayan nan, da 'yan bindiga suka mai da dajin Rugu da wasu dazuzzukan yammacin Jihar Katsina mafaka, wannan tsohuwar ma'ana ta ƙara ƙarfi. Saboda haka idan aka ce wa manomi ya "kare daji", abin da ya ji daban yake da abin da masani ya nufa.

3.0 Abin da ya Faru a Katsina Laka

Wannan ba ya nufin babu asara. Kudancin Katsina, wanda Yusufu Bala Usman ya yi bayaninsa da sunan Katsina Laka a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, ƙasa ce mai laka da wadatar ruwan sama fiye da arewaci. A ƙarni na 19 hare-haren Maraɗi sun sa mutane sun taƙaita ga garuruwa masu ganuwa, daji ya yi yawa a tsakaninsu. Bayan 1903 baƙi suka yi ta kwararowa neman gona. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa, noman auduga ya bunƙasa. A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda ya haɗa da gundumomin Bakori da Malumfashi, ya yaɗa takin zamani da irin masara da garmar shanu da tarakta.

Kowane mataki daga cikin waɗannan ya ci wani abu. Yawan jama'a ya cinye daji. Takin zamani ya rage buƙatar barin saura, alhali kuwa a saura ne ƙananan itatuwa ke samun damar tasowa. Garmar tarakta ba ta jituwa da kututture, don haka sai a tumɓuke shi, a kashe saiwar da za ta sake tohowa. Noman rani ya taɓa kurmin bakin rafi, gonaki kuma suka matse burtali. Ga shi asarori huɗu ne ko biyar, kowace da sanadinta da maganinta, amma lafazin "sare dazuzzuka" ya dunƙule su ya mai da su laifin mai gatari. Asarar da ta fi haɗari ma ba a ganinta da ido: gona na iya cika da manyan ɗorawa, a ɗauka lafiya lau, alhali babu 'yan ƙanana a ƙarƙashinsu da za su gaje su.

4.0 "Kwararowar Hamada"

Lafazi na biyu yana da tarihi. A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya buga maƙala yana cewa Sahara na gangarowa kudu za ta haɗiye arewacin Nijeriya. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya zaga iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, bai sami hujjar wannan gangarowa ba. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba, kuma Hausa ta ƙara masa rai, domin "kwarara" aikin ruwa ne, abin da ke tahowa daga wani wuri. Hoton da lafazin ke bayarwa shi ne na abokin gaba daga arewa, wanda za a tare da ganuwar itatuwa, kamar yadda sunan shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, yake nunawa. Ga mutumin Bakori, wanda ke nesa da tuddan rairayi, ma'anar wannan ita ce matsalar ba ta iso ba tukuna. Gaskiyar magana kuwa, gajiyar ƙasa da zaizaya daga cikin gona suke farawa. Ruwan sama ya ragu ƙwarai daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980, ya kuma ɗan farfaɗo daga baya, amma dawowar ruwa ba ta mai da itacen da aka tumɓuke saiwarsa.

5.0 Binciken da ya Saurari Manomi

Wajibi ne a yaba wa masanan da suka kauce wa wannan kuskure. Michael Mortimore da abokan aikinsa, a binciken itacen girki na Kano da aka buga a 1990, sun tarar cewa gonakin da ke kewaye da birnin sun riƙe itatuwansu duk da cunkoson jama'a, yawancin itacen da birni ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo shi. Watau itacen da yake da mai shi ya tsira, wanda ba na kowa ba ya tafi. A 2020 Martin Brandt da wasu masana sun ƙirga itatuwa ɗaya-ɗaya daga hotunan tauraron ɗan'adam, suka sami fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a filayen da ƙididdigar daji ba ta kulawa da su.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Maraɗi. Daga 1983 Tony Rinaudo ya shiga ƙarfafa manoma su riƙa barin tohon kututture lokacin sharar gona, su zaɓi masu ƙarfi su aske sauran. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta farfaɗo da itatuwa a hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Abin lura ga manazarcin harshe shi ne sunan da aka ba ta, "sassabin zamani". Ba a ambaci daji ba, ba a ambaci hamada ba. An ɗauki sassabe, aikin da kowane manomi ya gada, aka ce ga sabon salonsa.

6.0 "Ci Gaba Mai Ɗorewa"

Lafazi na uku ya yaɗu ne bayan rahoton kwamitin Brundtland na 1987. Fassarar ba ta da aibi a nahawu, sai dai ba ta da mai aiki a cikinta: ba ta faɗi wanda zai ɗorar ba, ko abin da zai ɗore. Hausa kuwa tana da "tattali" da "tanadi" da "gado", waɗanda kowannensu yake ɗora nauyi a kan mutum. A al'adar wurare da dama na ƙasar Hausa, ɗorawa dukiya ce da ake gada, ana ma iya jinginar da ita daban da gonar da take ciki. Matar da ke yin daddawa daga kalwa ko man kaɗe daga ƙwarar kaɗanya ta san darajar itace a kasuwa fiye da kowane rahoto. Tun da farashin makamashi ya tashi bayan janye tallafin man fetur a 2023, wannan dukiya tata ce take gasa da kuɗin buhun gawayi.

7.0 Kammalawa

Binciken muhalli ya yi gaskiya da ya ce itatuwa na raguwa a wurare irin su Bakori, amma ya auna daji alhali rayuwar jama'a na gona, fassara kuma ta ƙara nisanta saƙon da masu shi. Akwai aiki a gaban sassan Hausa na jami'o'i: a tattara sunayen filaye da na itatuwa da ƙa'idojin mallakarsu daga bakin dattawan Bakori da Malumfashi, a kuma zauna da masana gandun daji kafin a ƙirƙiri wata sabuwar kalma. Tambayar da ta kamata malamin gona ya yi wa manomi ba ta daji ba ce. Ita ce: ɗorawa nawa ka gada, nawa kuma za ka bar wa 'ya'yanka?