Gaskiya Da Ado A Tsarin Gini: Sharhi A Kan Benen Seagram

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba wata taƙaddama da ta daɗe tsakanin manazarta fasahar gine-gine, wato ko dole ne fuskar gini ta nuna ainihin abin da ke ɗauke da shi. Za mu ɗauki misali da benen Seagram da ke titin Park a birnin Niyu Yok ta Amurka.

Da farko dai, kamfanin Seagram na Kanada, mai sayar da barasa, shi ya sa aka gina benen don ofisoshinsa. Phyllis Lambert, 'yar shugaban kamfanin Samuel Bronfman, ita ta zaɓo Mies van der Rohe, Bajamushen nan da ya shugabanci makarantar Bauhaus kafin ya koma Amurka. Shi ya zana ginin tare da Philip Johnson, aka kammala a 1958. Hawa 38 gare shi, tsawonsa kuwa mita 157.

Aƙidar Mies ita ce kada gini ya ɓoye ƙashinsa. To amma dokar kashe gobara ta tilasta a lulluɓe ginshiƙan ƙarfe da kankare, domin ƙarfe yakan yi laushi in wuta ta ci shi. Saboda haka sai ya manna sandunan tagulla masu siffar ginshiƙi a jikin bangon gilashin daga sama har ƙasa. Waɗannan sanduna ba su ɗauke da nauyin benen ko kaɗan. A nan ne masu suka suka kafa hujja, suka ce mai wa'azin gaskiya ya ɓuge da kwalliya.

A ganinmu wannan suka ta yi tsauri. Abin da Mies ya yi ya fi kama da kamance a cikin adon harshe, inda ake kawo abin da ido ke gani don a fahimtar da abin da ke ɓoye. Wanda ya dubi sandunan zai gane tsarin ginshiƙan da ke ciki, ba a kuwa yaudare shi game da komai ba. Inda ya kamata a soki ginin shi ne yadda son daidaito ya danne jin daɗin ma'aikata. Alal misali, labulen tagogi matsayi uku kacal aka yi masa, a buɗe, ko rabi, ko a rufe, don kawai kada fuskar benen ta hargitse ga mai kallo daga titi.

Haka kuma akwai batun farfajiya. Mies ya ja benen baya da kimanin mita 30, ya bar wa jama'a fili da tafkuna biyu a wurin da ƙasa ke da tsadar gaske. Dokar tsara birni ta 1961 ta riƙa ba masu gini damar ƙara hawa in sun bar irin wannan fili, sai ga filaye sun yawaita, da yawansu fayau ba wurin zama. Kwaikwayon siffa aka yi, aka bar hikimar a baya.

A taƙaice, hujjar masu sukar sandunan tagulla ba ta da ƙarfi. Tambayar da ta fi cancanta manazarta su yi ita ce, wa aka yi wa ginin, mai kallo ko mai zama a ciki?